Azumin da Surukina Ya Yi Mini Jarrabawa

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafi. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a barandar gidanmu na unguwar Gesse a Birnin Kebbi, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai wata babbar mota ta wuce maƙare da buhunan albasa. Warin sabuwar albasar da rana ta buga ya biyo iska har inda nake. Na ajiye carbi na fara ƙirga shekaru da yatsu. Ashe azumi ya bi ta sanyi, ya ratsa kaka da damina, ya dawo daidai inda na bar shi shekara talatin da 'yan kai, shekarar da na zauna jarrabawar ungozoma karo na uku.

Lokacin jihar Kebbi sabuwa ce fil. An kwaso ma'aikata daga Sakkwato, har da maigidana, Birnin Kebbi kuwa ba ta da ɗakunan da za ta zuba su. Shi da abokan aikinsa uku suka cusu a ɗaki guda a Badariya, ni kuma aka kai ni Argungu gidan iyayensa, da 'yata ta fari a baya da akwatin littattafai. Na gama makarantar ungozoma, amma ba ni da takardar shaidar kama aiki. Sau biyu na zauna jarrabawar ƙarshe, sau biyu na faɗi. Ta uku ita ce ta ƙarshe. In na sake faɗuwa, karatun shekaru ya tafi a banza, sai in ninke farin kaya in sa a ƙasan akwati. An kuma sa ranarta cikin goman ƙarshe na azumi.

Ba a rubutu nake faɗuwa ba. Ba yabon kai ba, in dai alƙalami ne da takarda, ban san wadda ta fi ni a ajinmu ba. Ɗakin tambayoyin baka ne yake kayar da ni. Za ki shiga ki tarar da tebur, a kansa ƙashin ƙugu na roba da 'yar tsana, a bayansa wata babbar sista da likita namiji sa'an mahaifinki. Sai ya ce ki nuna yadda kan jariri yake bi ya fito, ki ambaci kowace gaɓa da sunanta. Ni kuwa a gidan da na tashi ba a kallon babba ido cikin ido, balle a kama waɗannan sunaye a gabansa. Kaina zai sunkuya da kansa, harshena ya yi nauyi. Amsa tana nan tsaf a kaina, amma abin da ke fitowa ko ni ba na ji. A karo na biyu likitan har ya jawo kujerarsa kusa, ya kara hannu a kunne don ya taimake ni. Matsowar tasa ce ta ƙarasa ni.

Ban gaya wa kowa wannan ba. A gidan surukaina na bar su a kan cewa tambayoyin ne suka yi wuya.

Zafin Argungu na shekarar nan ba na manta shi. Gulbi ya ja baya ya bar yashi fari, masu jirgi suna zaune a inuwa suna gyaran raga. Tun ƙarfe tara tabarma take ɗaukar zafi, bango yana huci, kaji suna yawo baki buɗe. Ruwan randa kaɗai ke da sanyi, shi ma sai an lulluɓe randar da jiƙaƙƙen buhu. Ƙanƙara kuwa daga Birnin Kebbi ake kawo ta cikin buntun shinkafa, kafin ta iso unguwarmu ta koma kamar kan ɗan yatsa, a gidanmu sau uku muka gan ta a azumin gaba ɗaya. Yanzu jikokina in firji ya yi awa biyu babu wuta sai su ce ana wahala, ni dai dariya nake yi.

Kuma lokacin ciran albasa ne. Surukina, wanda duk gida ke kira Baba, manomin albasa ne a fadama. Da an sallame asuba yake fita da mazan gidan, su cire abin da za su iya kafin rana ta yi ƙarfi. Wajen hantsi jakuna ke shigowa da mangala cike, a juye a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Daga nan aikin ya zama na mata. Mu yanke lawashi, mu ware manya da matsakaita da ƙanana, mu fitar da masu rauni don kada su ɓata sauran. Lawashin kuma a daka shi a dunƙula gabu a shanya a kan zana. Baki a bushe, leɓe ya tsage, ido yana ruwa, amma hira ba ta yankewa. Bayan azahar kowa ya nemi inda zai mimmiƙe, ba a jin komai sai kukan kurciya. La'asar na yi a tashi a ɗora kunun tsamiya, a niƙa wake na ƙosai, a sa tukunyar tuwon shinkafa.

A wajen yankan albasar ƙosai na ƙirƙiro wata dabara. Ungozoma da yatsu biyu take auna buɗewar bakin mahaifa, ido ba ya gani. Na lura in an yanka albasa a kwance, zobba take fitarwa, daga ƙarami har babba. Sai na riƙa rufe ido, in zura yatsu biyu cikin zobe, in faɗi santimita nawa ne, sannan in buɗe in gwada da rula. Uwar mijina, Inna, ta kama ni a kai. Mace ce gajera mai baki, wadda rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo duniya, ko da yake ba ta taɓa shiga aji ba. Maimakon ta yi faɗan ɓarnar albasa, sai ta karɓe wuƙar. Ita ke zaɓo zobe ta miƙo mini, ni ina rufe da ido. Kwana uku muna yi ban kuskure ko sau ɗaya ba.

A rana ta huɗu ta ajiye wuƙar ta dube ni.

"Ke ɗiyar ga, hannunki ya san aiki, kanki ya san karatu. To mi yak kada ke har so biyu?"

Na yi ta kewaye-kewaye, ta ƙi sakina, har na faɗa mata gaskiya. Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce azumi ne kawai ya hana ta faɗuwa ƙasa. Ta ce ita ta zaci wani babban ilimi ne ya gagare ni, ashe kunya ce, ni da na haihu da kaina. Na roƙe ta don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu. Ta ce to. Kafin a sha ruwa ta kai wa Baba.

Sai an san yadda muke da Baba za a gane girman abin. Shekara uku da aurena, maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba, ina durƙushe daga nesa, kaina a ƙasa. In na ji tarinsa a zaure, ɗaki nake shigewa. In yana da saƙo gare ni, Inna yake gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Bai taɓa kama sunana ba, yarinyar ga yake cewa. Dogon mutum ne marar yawan magana, da wata tsohuwar jar dara da ta koɗe ta zama kalar ƙasa.

Washegari bayan la'asar, maimakon ya zauna a ƙofar gida da dattawa kamar kullum, sai ga shi ya shigo da buzunsa. Ya shimfiɗa a gefen rumfa, ya juya mana baya, ya jawo tarin albasa yana warewa. Matan gidan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Na yunƙura zan bi su, Inna ta take mini bakin zane.

Baba ya yi gyaran murya, ya yi magana da albasar da ke gabansa.

"Tambaye ta. In mace ta haihu lahiya, mabiyiya ta hita, jini kuma yaƙ ƙi tsayawa, mi aka yi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na matsa kusa da kunnen Inna na raɗa mata amsar, tun daga kiran taimako da murza ciki don mahaifa ta tsuke, har zuwa allura da ƙarin ruwa. Inna ta gyaɗa kai kamar ta ɗauke duka, ta juya ta ce wa Baba wai na ce a dama kunun kanwa mai zafi a ba ta, a gasa mata jiki, da safe za ta miƙe. Baba ya ce to, madalla, ashe abin da ake koya musu ke nan. Raina ya ɓaci. Shekarun da na yi ina karatu, a ce kunun kanwa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ba haka nac ce ba."

Baba bai juyo ba. Ya ɗauki wata albasa ya jujjuya ta, ya ce wa Inna ta gaya mini kunnensa biyu, kuma duka suna aiki. Haka na faɗi amsar da bakina, idona a kan ƙafata. Da na gama ya ce wa Inna bai ji rabin farko ba, a sake. Sau uku na maimaita kafin ya naɗe buzunsa. Ranar ko kunu ban iya sha da daɗi ba, ina ɗaki ina jin Inna tana ba matan gida labari suna ƙyalƙyala dariya.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida, kamar dama kunu. La'asar ta yi, buzu ya shigo. Baba bai san boko ba, amma ya zauna a ƙofar ɗakin haihuwa sau goma sha ɗaya yana jiran 'ya'yansa, kuma ashe duk tsawon shekarun yana tara tambayoyin da ba shi da wanda zai yi wa. Me ya sa wani jariri ke zuwa da ƙafa? In cibiya ta naɗe wuya fa? Yaya ake sanin naƙuda ta yi tsawon da ya kamata a nemi mota? Inna tana tsakiya tana aikin tafinta, tana ɓata amsa da gangan duk lokacin da muryata ta yi ƙasa. In na kauce wa wani suna na ce wajen nan, sai Baba ya tambayi albasarsa wane waje, ai wurare da yawa a jikin ɗan Adam. Na ɗauko 'yar tsanar 'yata da wata tsohuwar ƙwarya da aka fasa gindinta, suka zama jariri da ƙugu. Yunwa tana cina, maƙogwaro ya bushe ƙamas, gumi yana bin bayana, amma a kwana na goma na lura ina ɗokin la'asar.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Kowace rana, komai tambayoyin da ya yi, da ta farkon nan yake rufewa, ta jinin da ya ƙi tsayawa. Wata rana muna dakan gabu na tambayi Inna ko mantuwa ce ta tsufa. Ta tsayar da taɓarya. Ta ce Baba yana da ƙanwa, Ige, wadda ya riƙa tun mutuwar iyayensu har ya aurar da ita a wani ƙauye hayin gulbi. Haihuwarta ta fari ta zo da damina, ruwa ya cika. Ta haihu lafiya, jini ya ɓalle. Shi ya ɗauko ta a jirgi yana tuƙi da hannunsa, kafin su kai gaci ta cika. Inna ta ce tun daga ranar bai ƙara kama sunanta ba. Muka ci gaba da daka. Da la'asar da ya yi tambayar, na ba shi amsa a hankali, dalla-dalla, ban tsallake komai ba.

Saura kwana biyar jarrabawa ya shigo ya shimfiɗa buzun yana fuskantarmu. Duk abin da na gina ya rushe, kaina ya koma ƙasa. Ya ce wa Inna likita ba zai juya mini baya ba. Ya ce shi ma yana saurayi an taɓa kiransa shaida gaban alƙali, bakinsa ya ƙi buɗewa, har wani dattijo ya ba shi dabara.

"Gaya mata kar ta dubi idona. Ta dubi hulata. Wanda aka kallon hulatai, shi gani shikai shi aka kallo."

Na ɗaga kai da ƙyar na sami jar darar nan. Akwai wani ɗinki da baƙin zare a gefenta na dama, a nan na kafe idona. Kwana huɗu ina yi wa ɗinkin nan bayanin naƙuda, har na san adadin zarensa.

Ranar jarrabawa na bi motar albasa zuwa Birnin Kebbi bayan sallar asuba, a gaba kusa da wata tsohuwa mai kaji. Maigidana yana jirana a tasha da babur ɗin aro, ya fi ni tsorata, sai addu'a yake yi yana maimaitawa. Rubutu ya wuce lafiya kamar kullum. Aka kira lambata ɗakin tambayoyin baka wajen azahar, lokacin da rana take tsakiyar kai. Na shiga na yi sallama. Ga tebur, ga ƙashin ƙugu, ga sista, ga wani tsohon likita da farin gemu. Na ɗaga ido neman hula. Babu hula. Zafi ya sa ya cire ta ya ajiye a kan tebur, sai sanƙo yana ƙyalli da gumi.

Ya yi tambayar farko, na ji tsohon ciwon ya dawo. Kaina ya fara sunkuyawa, na kai hannu bakina. Sai na ji warin albasa a yatsuna. Na wanke hannun nan da sabulu ya fi a ƙirga, amma kusan wata guda na yanka da warewa ba ya fita a kwana ɗaya. Warin ya mayar da ni ƙarƙashin rumfa, ga buzu, ga Inna tana shirin cewa kunun kanwa. Dariya ta kusa kuɓuce mini. Na ɗaga kai na zaɓi wani ɗigon gumi a tsakiyar sanƙon likita, na ɗauki 'yar tsana na fara.

Muryar da na saba yi wa Baba a fili, a kan kukan jakuna da ƙarar turmi, ita ta fito. Sista ta ɗaga hannu ta ce in sassauta, akwai masu jarrabawa a ɗakin da ke kusa. Likitan ya tambayi jariri mai zuwa da ƙafa, na ba shi. Ya miƙo allo mai ramuka ya ce in rufe ido in auna, na ce bakwai kafin ya gama magana. Can wajen ƙarshe ya tambayi zubar jini bayan haihuwa. Wannan kam ko a barci aka tashe ni. Da na gama ya ajiye alƙalami, ya tambaye ni wa ya shirya ni haka. Na ce surukina ne. Ya ce a wane asibiti yake aiki. Na ce manomin albasa ne a Argungu. Sista ta rufe baki da fayil, kafaɗunta suna rawa.

Sakamako bai fito ba sai bayan salla da makonni. Zafi ya kai inda ya kai, hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa, kowa idonsa a gabas. Ranar da ruwan farko ya sauko, iska ce ta fara zuwa ta kwashe shanya. Gaba ɗaya gidan muka fita da gudu, maza da mata, muna jan zana da tabarmi muna rufe rudu, wato gadon karan da aka jibge albasa a kai, don in ruwa ya taɓa ta aikin shekara ya ruɓe. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suna tsalle tsirara a tsakar gida. Cikin wannan hayaniya maigidana ya shigo da babur, jiƙe sharkaf, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Ya zaro takarda daga cikin riga, a naɗe cikin leda. Haƙoransa kawai na gani. Inna ta rangaɗa guɗa a cikin ruwan, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko haihuwa aka yi. Ni kuwa na zauna a kan turmi ina kuka ina dariya, ruwa yana dukana, daɗi kamar ya kashe ni.

Da ruwa ya tsagaita Inna ta ja hannuna zuwa zaure. Baba yana zaune a kan buzunsa yana matse bakin riga. Na durƙusa daga nesa kamar yadda na saba, na ce na ci jarrabawa. Ya yi hamdala sau uku. Sannan ya juya wajen Inna ya fara, "Gaya mata..."

"Ni na aje aikin tahinta," in ji Inna. "Ga ta nan gabanka."

Ruwa yana ta ɗiga daga indararo. Saboda sabo na ɗaga ido na nemi ɗinkin baƙin zaren nan. A hanya idona ya bi ta fuskarsa, sai na ga ba ni yake kallo ba. Idonsa yana kafe a kan ƙullin ɗankwalina. Ashe duk kwanakin nan ba ni kaɗai ke fama ba.

"Allah shi yi miki albarka, Kulu," ya ce wa ɗankwalin. "Duk wadda kinka ishe cikin halin Ige, ki tsaya mata."

Daga ranar muka koma yadda muke, gaisuwa daga nesa, saƙo ta bakin Inna, har Allah Ya karɓi abinsa. Na yi shekara talatin ina karɓar haihuwa, a ƙauye da birni, kuma ban taɓa ganin jini ya ɓalle ba tare da na ji tambayar nan a kunnena da muryarsa ba. Da yawa sun tashi. Wasu Allah bai nufa ba, amma ba wadda na bari ita kaɗai.

Shekaranjiya da motar albasar ta wuce, na tashi na shiga kicin tun lokacin girki bai yi ba. Na ɗauki babba guda na yanka a kwance, na rufe ido na zura yatsu biyu. Shida. Na nemo rular jikata na gwada, shida ce cif. Idona ya kawo ruwa sosai, amma ba wanda ya tambaye ni dalili, tunda albasa nake yankawa.